Gindin Marke Ba Ya Cikin Taswira

Abin da na fara tunawa shi ne ƙarar takardar lokacin da Malama ta warware ta, wani ƙas-ƙas kamar an taka busasshen ganyen dawa. Sai warinta ya biyo baya, warin tsohon akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ruwa bai jima da ɗaukewa ba, kwanon ajin yana ɗiga cikin wani bokiti da aka tara a kusurwa, mu kuma mun miƙe wuya muna kallon abin da ake ratayawa a kan allo. Taswirar jiharmu ce, ta aro ta daga wurin malamin labarin ƙasa. Gefenta ya cinye, an manne tsakiyarta da gam.

Muna aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gusau. Hausa tilas ce a kan kowa, ko daga ina iyayenki suka fito. Mu 'yan gari abin dariya yake ba mu, wai a zaunar da mutum a koya masa harshen da yake mafarki da shi. Lokacin darasin Hausa ne ake ƙarasa aikin lissafi a ƙarƙashin tebur, ko a yi gyangyaɗi. Ni kuwa taga nake kallo. Akwai wata bishiyar darbejiya a bayan ajin, na san kowane reshe nata.

Malamar Hausa 'yar Tsafe ce, gajera, mai saurin magana. Ranar nan ta ɗora tsinin sandarta a kan garinsu ta ce wata ta karanta mata. Aka karanta yadda aka rubuta, irin yadda kunnen Bature ya ji shi tun da can. Ajin ya fashe da dariya.

"Kun taɓa jin direba yana kiran fasinjan wannan gari a tasha?" in ji ta. "Ni dai a Tsafe aka yanke mini cibiya. Wanda ya yi takardar nan wucewa ya yi. Ya tambayi wanda ya tarar a bakin hanya, ya rubuta abin da ya samu, ya ƙara gaba. To, ku ba wucewa kuke yi ba."

Sai ta ba mu aiki. Mu rabu biyu-biyu, kowaɗanne su zana hanya daga Gusau zuwa ƙauyen kakannin ɗayarsu, su sa sunayen wurare kamar yadda tsofaffi suke faɗarsu, su kuma zo su yi wa aji bayani da baki. Ta ce makin wannan aiki shi zai fi nauyi a sakamakon zangon.

Na ji wadda ke zaune kusa da ni ta sauke numfashi a hankali.

Ƙawata ce, tebur ɗaya muke. Iyayenta mutanen kudu ne, Kiristoci, aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinta Gusau tana gab da gama firamare. A kasuwa ba mai cutarta. Ta iya taya awara, ta iya faɗa da mai Keke har ya ba ta haƙuri. Amma da an ce a ɗauki biro, sai Hausar ta watse mata.

"Ku fa ba ku da gaskiya," takan ce mini. "A waje ku ce 'mi', a littafi ku ce 'me'. A waje 'munka tahi', a littafi 'muka tafi'. Don Allah wacce ce ta gaskiyar?"

Ta sha faɗuwa a Hausa, kuma faɗuwar tana jan sakamakonta ƙasa duk da ta fi mu lissafi. Mahaifinta ya gaji. Ya ce idan ta sake faɗuwa a wannan zangon, zai mayar da ita kudu wurin gwaggonta ta ƙarasa karatu can. Ta gaya mini haka muna cin gyaɗa a gindin darbejiya, tana dariya, amma ba ta kalle ni ba.

"Wai can ma akwai yaren tilas," ta ce. "Namu. Shi ma ban iya ba. Kin ga a nan in na faɗi, baƙuwa ce ta faɗi. A can kuwa da wane ido zan kalli mutane?"

Ban so ta tafi ba. Ita kaɗai ce ba ta yi mini dariya idan na ce gajimare ya yi kama da wata tsohuwa tana tankaɗe. Cewa take yi, "Ina rariyar?" Saboda haka na ce mata ta kwantar da hankalinta, muna da Inna a gida, kuma Inna ta san kowace hanya.

Inna ita ce mahaifiyar Baba. A gidanmu take zaune, a ɗakin da ke kusa da rijiya, inda kullum ake jin ƙanshin daddawar da take shanyawa. Tsohuwa ce mai murya. Duk unguwarmu ba wata tsohuwa da ke kiran ɗanta na fari da sunansa, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidan nan". Amma Inna daga bakin ƙofarta take ƙwala wa Baba kira da sunansa na yanka, har maƙwabta su ji, alhali shi ne babba a cikin 'ya'yanta. Na ɗauka hali ne kawai irin nata. Nakan ma yi alfahari da hakan, in ce kakata ba ta da tsoron kowa.

Muka same ta da la'asar tana ɓare kalwa. Ƙawata ta durƙusa ta gaishe ta.

"Lale da ɗiyar kudu," in ji Inna. "Ke kin hi wagga 'yar boko hankali. Ita sai ta wuce ni tana kallon sama kamar mai jiran saƙo. Mi kuka so?"

Muka gaya mata. Ta share hannunta a zane, ta gyara zama, ta lumshe ido kamar hanyar tana bayan fatar idonta.

"To, ku rubuta. In kun hita Gusau ku bi hanyar Sakkwato, ba ku tsayawa sai Bunguɗu. Nan za ku bar kwalta. Ku ƙetare gulbi. Akwai wani dutsi mai kama da tukunya an kihe ta, ku bar shi hagunku. Sai fadama, sai gonakin maiwa. In kun ji ƙahwahunku sun hwara ƙorahi, to kun iso Gindin Marke. Nan anka kai ni aure, nan niy yi ƙuruciyata."

Gindin Marke. Tun ina goye nake jin sunan nan. Daga Gindin Marke ake aiko mana da sabuwar dawa. 'Yan Gindin Marke ne suke cika mana gida idan sun kawo mara lafiya asibiti. Ban taɓa zuwa ba, amma na gina shi a raina tun tuni: wata ƙatuwar bishiya mai inuwa har ta rufe gari, mutane suna rayuwa a ƙarƙashinta kamar kaji a ƙarƙashin uwarsu.

Muka sayi farin kwali. Ni na yi zane, ƙawata ta yi rubutu, tana cizon leɓe a kan kowane harafi. Muka kai wa Malama ta duba kafin ranar bayani.

Bayan kwana biyu ta kira mu ofishin malamai. Kwalinmu yana shimfiɗe a kan teburinta, kusa da tsohuwar taswirar.

"Aikin ya yi kyau," ta ce. "Amma ina ne nan?" Ta ɗora yatsa a ƙarshen hanyarmu. "Na duba wannan taswira, ga Rawayya, ga Furfuri, ga su nan duk. Na san ba kowane ƙauye ne ke ciki ba, shi ya sa na tambayi malamin lissafi, shi haifaffen Bunguɗu ne, ya yi aikin rigakafi ƙauye-ƙauye a yankin nan. Ya ce bai taɓa jin Gindin Marke ba. Na tambayi wata mai kawo mana nono daga can, ita ma haka."

Sai ta kalle ni ta saman tabarau. Ta san ni. Ni ce na taɓa rubuta mata insha'i a kan kasuwar garinmu na sa kogi a tsakiyarta, don na ga zai fi kyau.

"Ban ce kin yi ƙarya ba, 'yata. Amma taswira ba tatsuniya ba ce. Wani zai iya ɗaukarta ya kama hanya. Ku kawo mini abin da zai nuna wurin nan yana nan, zuwa Litinin. In ba haka ba, ba zan iya ba ku makin ba, ku duka biyun."

A hanyar gida, da muka kusa rabuwa, ƙawata ta juyo ta dube ni. "Ki gaya mini tsakani da Allah," ta ce. "Akwai shi?"

Na ce akwai. Amma a karon farko shakka ta shige ni. Idan babu fa? To daga ina dawar take zuwa? Ina mutanen nan suke komawa idan an sallame su daga asibiti?

Da Baba ya dawo na same shi a tsakar gida yana alwala, na tambaye shi ko Gindin Marke yana da wani suna. Ya tsaya da buta a hannu. Ya dubi ƙofar ɗakin Inna, wadda labulenta ke ɗage.

"Yana da shi," ya ce a hankali. "Amma ba a bakina za ki ji shi a gidan nan ba."

"Saboda me, Baba?"

"Ke dai kin cika tambaya. Asabar Inna za ta je can barka, an yi haihuwa. Ku bi ta, ku gani da idonku. Ai malamarku shaida take so, ba maganata ba."

Daren nan da ƙyar na ci tuwo. Gari mai suna biyu, ɗaya kuma ba a faɗa! Na yi ta juya abin. Ko sunan zagi ne? Ko na aljanu?

A shekarun nan ana bin hanyoyin ba tare da fargaba ba. Mahaifiyar ƙawata ta yarda, har ta ba da sabulu a kai wa mai jego. Ƙawata ta zo da sassafe da ɗankwalin da ta ɗaure shi a karkace, Inna ta kama kanta ta gyara mata tana mita. Muka shiga mota zuwa Bunguɗu. Damina ta ja baya, dawa ta fitar da kai, ko'ina kore ne mai duhu. Na manne da taga ina ganin hanyar da na zana tana zama ta gaske, sai dai ta fi tawa lanƙwasa.

A Bunguɗu 'yan kabu-kabu suka yanyame mu.

"Hajiya, ina za a kai ki?"

"Gindin Marke."

Suka dubi juna. Wani mai jar hula ya ce, "Wane daga ciki, Hajiya? Marke ai ko bayan gidanmu akwai. In kai ki ki huta?"

"Kai, tahi can, ɗan nema," in ji Inna. "Ranar da nih hwara bin hanyag ga uwarka ko ɗan kunne ba a huda mata ba. Tada mashin, ni ad da hanya, kai ad da mai."

Suka yi dariya, ita ma ta yi. Ni dai ban yi ba, don ga mutanen da sana'arsu ke nan sanin ƙauyuka, kuma ba su san shi ba. Ƙawata ta matse hannuna.

Inna ta hau ɗaya, mu biyu muka hau ɗaya. Da hannu take nuna hanya, ba ta magana. Muka ƙetare gulbi, ruwan ya kai gwiwar masu tura mashin. Ga dutsen nan mai kama da kifaffiyar tukunya, a hagu, daidai yadda ta faɗa. Ga fadama. Da muka shiga gonakin maiwa sai mai mashin ɗinmu ya ɗaga murya ya ce wa ɗan'uwansa, "Au! Ashe nan tsohuwar ka nuhi!" Ya buɗe baki zai faɗi wani abu, iska ta ɗauke.

Ƙauyen ƙarami ne, gidajen ƙasa da rumbuna, da danga ta kara. Na yi ta waige-waige ina neman bishiyata. Akwai wata ƙatuwar kuka a bakin gari, akwai tsamiya inda maza ke zaune. Marke kam ban gani ba.

Mata suka fito tarbar Inna da guɗa. Muna tafe a tsakiyarsu muka zo kusa da 'yar makarantar firamaren garin, mai ɗaki biyu. A gabanta akwai allon ƙarfe da ya fara tsatsa. Ƙawata ta tsaya cak. Ta ga shaidar da muka zo nema, ga shi kuma Hausa ce a rubuce, wadda za ta iya karantawa. Ta ɗaga murya don kowa ya ji, ta karanta sunan garin tiryan-tiryan: Gidan wane.

Sunan mutum ne, sunan namiji, irin wanda ake ji kullum. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Guɗar ta tsaya. Wata ta ce, "Laa ilaa!" Wata ta toshe baki tana dariya. Inna kuwa ta juya baya, ta ja mayafinta ta rufe kunne da gefen fuska, ta ci gaba da tafiya ita kaɗai kamar ba da ita aka zo ba. Ban taɓa ganin bayan Inna ya yi ƙanƙanta haka ba.

"Me na yi?" ƙawata ta raɗa mini. "Ban karanta daidai ba?"

Wata tsohuwa mai tsaga a kumatu, matar ƙanen kakana, ita ta kama mu ta kai mu ɗakinta, ta dama mana fura. Tana damawa tana dariya.

"Daidai kinka karanta, ɗiyata, shi an matsalar. Wanga suna na mai garin ne, shi yas sari dajin ga. Uban mazanmu ne. To wace mara kunya za ta buɗe baki ta kira sunan surukinta? Maza su ka hwaɗin shi, da 'yan gwamnati, da masu mashin. Mu matan da anka kawo nan, kowace da yadda taka cewa."

Na ajiye ludayi. "Kowace da nata?"

"Awo. Ni Gidan Tsoho nika cewa. Waccan mai goyon, Garin Baba. Akwai wadda ta rasu bara, ita Tudu kawai taka cewa, ko da kin ga ba wani tudu. In munka haɗu a kasuwa kowa ta san inda 'yar'uwarta ka nuhi."

Na san ba a kiran sunan suruki, kowace yarinya ta san wannan. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne kunya tana iya bin mutum har cikin sunan gari, ta zauna a can shekara da shekaru, har jikoki su taso a birni suna zaton sunan da aka ba su shi ne na kowa. Mu duka gidanmu a cikin kunyar Inna muka girma ba mu sani ba. Wani daɗi ya kama ni. Ƙauye ɗaya, amma a bakin mata ya zama ƙauyuka da yawa, kowanne da ƙofarsa. Na fara lissafa sauran garuruwan da ke cikin taswirar Malama, duk masu farawa da Gidan wane da Tungar wane. Ashe kowanne yana da wasu sunaye a ɓoye a cikin ɗakunan mata, waɗanda ba mai wucewa da zai taɓa ji.

"To ita Inna me ya sa ta ce Gindin Marke?" na tambaya. "Ni kuka na gani."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta duba cikin ƙwarya kamar akwai abin da ya faɗa. "Wannan sai ki tambaye ta," ta ce. "Ku sha hura."

Ban tambaya ba, don hankalina ya riga ya tafi wurin zane. Na bi gida-gida ina tambayar mata yadda kowace take cewa, suna ta yi mini tsiya, wai 'yar birni ta zo ƙidayar kunya. Daga nan na hau wani ɗan dutse a gefen gari don in ga yadda gidajen suka zauna. Ina can sama na hango Inna ta fito ta bayan gida, riƙe da hannun ƙawata. Na ɗauka faɗa za ta yi mata. Suka bi ta bayan rumbuna, suka wuce wata gonar kuɓewa, suka tsaya a wani wuri da danga ta kare mini. Na ce bari in gama layin da nake ja in bi su. Sai wani garken tsuntsaye ya tashi daga fadama, na bi shi da ido, na manta.

Da suka dawo, Inna ta koma yadda take, tana yi wa mai jego tsiyar ɗanta ya ɗebo hancin dangin uba. Ƙawata ce ta canja. Na matsa kusa da ita.

"Ta yi miki faɗa?"

"A'a. Marken ta nuna mini."

"Akwai shi? Babba ne?"

"Ƙarami ne," ta ce. "Bai kai darbejiyar makaranta ba."

Na ji haushi kaɗan, don bishiyar da na gina a raina ta fi wannan. A hanyar dawowa ƙawata ta sa kanta a bayana a kan mashin har Bunguɗu.

Ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci muka sake kwalin. Na so in rubuta sunan allon da manyan baƙaƙe tunda shi ne shaidarmu, in jera na matan a ƙasa. Ta ce a'a. Ta karɓi fensir ta rubuta na allon ƙarami a gefe, ta kewaye wurin da Gidan Tsoho, da Garin Baba, da Tudu, da sauran. A tsakiya ta sa Gindin Marke, ya fi kowanne girma. Ita da ba ta iya zane ba, ta dage ita za ta zana bishiyar. Ta fito a karkace, 'yar ƙarama, kamar tsintsiya an kafa ta.

Ranar Litinin ita ta tsaya gaban aji, don Malama ta ce wadda ta fi jin tsoro ita za ta yi magana. Ta fara da Hausar littafi, tana tuntuɓe. Da ta iso gulbi sai ta saki, ta koma irin ta Inna: munka ƙetare, munka iske, anka ba mu hura. Ajin ya yi dariya, daga baya ya yi tsit. Ta bayyana yadda matan suke yi. Wata daga baya ta ce, "Lah, kakata ma haka take ce wa garinsu wani abu daban!" Wata ta ce tasu ma. Surutu ya tashi, Malama ba ta hana ba. Ta matso kusa da kwalin tana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Ni ma mahaifiyata ba ta taɓa kiran unguwar da aka haife mu da sunanta ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ban taɓa haɗa abin da taswira ba." Sai ta nuna ƙaramin rubutun da ke gefe. "To karanta mana wannan, mu ji sunan da malamin lissafi ya sani."

Ƙawata ta dubi rubutun. Ta ɗora rula a kansa.

"Ga shi nan, Malama, kowa ya gani. Ni ba zan iya faɗa ba."

"Ke ma surukinki ne?" wata ta jefo, ajin ya kece.

Ƙawata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma faɗa ba. Malama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Je ki zauna. Kin iya Hausa."

Ta ci darasin a zangon nan. Ba da maki mai yawa ba, don rubutunta bai daina karkacewa ba, amma ta ci, mahaifinta kuma ya bar maganar kudu. Tare muka gama makarantar. Ko da aka yi wa mahaifinta canjin wurin aiki daga baya, ita ta dawo Gusau ta yi karatun jinya, a nan take aiki har yanzu. Kwalin ya daɗe a bangon ofishin malamai har rana ta cinye launinsa.

Ban sake zuwa ƙauyen ba. Hanyar ta zama wadda ba a bi sai dole, mutanensa da yawa sun dawo gari. Wani lokaci nakan buɗe taswirar da ke cikin wayata in ja ta da yatsa, in bar kwalta a Bunguɗu, in ƙetare gulbi, in yi ta matsowa har komai ya zama kore. Ba sunan da ke wurin, ko na maza.

Inna ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ƙawata ta zo zaman makoki kullum bayan ta tashi aiki, da ɗankwalinta a karkace, ba mai gyara mata. Ranar da aka share makoki muka zauna mu biyu a bakin ɗakin da ke kusa da rijiya. Har lokacin yana ƙanshin daddawa. Na ce mata abin da zan fi kewa shi ne muryar Inna tana ƙwala wa Baba kira, ita kaɗai a duk unguwa ba ta jin kunyar ɗan fari.

Ƙawata ta dube ni. "Har yanzu ba wanda ya gaya miki?"

Ranar nan a bayan rumbuna, ta ce, Inna ta kai ta gindin bishiyar ta ce mata, "Ke baƙuwa ta, ke nika iya gaya ma. Sunan da kinka karanta, na daɗe ban ji shi da muryar yaro ba." Ta kuma ce kada ta faɗa mini sai bayan ranta.

Baba ba shi ne ɗanta na fari ba. Kafin shi ta haifi wani, namiji, aka sa masa sunan kakansa mai garin. Ya ga damina ɗaya, bai kai yaye ba. A gindin marken nan aka binne shi.